Gam ɗin da Kawu ya kira kuloko

Ranar wata Juma'a cikin watan Afrilu takalmina ya kunyata ni a ƙofar Masallacin Sarkin Musulmi Bello. Na makara, ban samu wuri a ciki ba, sai na shimfiɗa darduma a waje, na ajiye takalmin a gefe cikin rana. Ko da liman ya sallame na zura ƙafa, sai ga ƙasan na dama ya saki, ya wangame baki kamar kada. Takalmin fata ne, bai cika wata uku a ƙafata ba, kuma aikin kawuna ne. Haka na riƙo shi a hannu ina ɗingishi a kan kwalta mai zafi har na samu kabu-kabu. Wanda ya san ranar Sakkwato a wannan wata, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 42, ya san abin da tafin ƙafata ya gani.

Kawu wan mahaifiyata ne, baduku ɗan baduku, yana da 'yar rumfarsa a cikin tsohon gari. Da na miƙa masa takalmin bai ko ɗago kai sosai ba. Ya sa babban yatsa ya shafo abin da ya rage a tsakanin fatar da robar, ya murza, ya shinshina.

"Ba aikina na ba, gam na," in ji shi. "Wanga da muka saye cikin kwalba, an riga an surka shi da hetur tun kahin shi kawo garemu. Na gwangwani kuwa, wa ka iya kuɗinai yanzu?"

Gaskiya ya faɗa. Tun 2023 da aka cire tallafin mai, Naira kuma ta zube, kuɗin gwangwanin gam ya yi tashin gwauron zabo, ƙananan masu sana'a suka koma sayen na awo. Amma ba kuɗin ne ya tsaya mini a rai ba a ranar. Warin ne. Rumfar Kawu ta kwano ce, ƙofa ɗaya, ba taga. A can ƙurya yaronsa, ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu, yana shafa gam da yatsa a jerin ƙasan takalma, idonsa ya yi ja, yana hamma. Minti goma na yi a ciki kaina ya fara sarawa. Shi kuwa a nan yake wuni.

Ni malamin kemistiri ne a wata makarantar sakandare, saboda haka na san abin da nake shaƙa. Wannan gam mai ruwan ɗorawa wata roba ce da ake kira niyofirin, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya fito da ita a farkon shekarun 1930, aka narkar da ita cikin ruwan sinadarai irin su toluwin da hekzen, dukkansu 'ya'yan ɗanyen mai. Wajen kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin gwangwanin wannan ruwan ne. Shi ya sa ake shafawa a fuska biyu, a jira ya sha iska, sannan a haɗa a buga da guduma. To ina ruwan yake tafiya? Iska, da huhun wanda ya fi kusa. Shi ne dai abin da 'yan shaye-shaye suke nema a cikin sholisho, sai dai su da gangan suke yi, yaron Kawu kuwa neman halaliya ne ya kai shi. Kuma illar ba sabuwa ba ce a wurin likitoci. A Jafan cikin shekarun 1960 an samu masu haɗa silifas a gidajensu da hekzen ya kashe wa jijiyoyin hannu da ƙafa, an ga irin haka wurin masu takalma a Italiya, a Istanbul kuma an danganta cutar dajin jini da gam mai benzin, wani sinadarin irin su toluwin, da masu takalma suke aiki da shi.

Na tambayi Kawu da me mahaifinsa yake liƙi. Ya yi dariya, ya ce wane liƙi, ɗinki ne. In an ɗan shafa kunun sitaci, don fata ta tsaya wuri ɗaya ne kafin basilla ta bi ta. Muna da abubuwan liƙinmu tun fil azal, ba shakka. Ƙaron ɗakwara shi ke sa tawada ta kama allo. Danƙon gamji da shi muka kama tsuntsaye muna yara. Amma ƙaro da sitaci ruwa yana narkar da su, danƙo kuma rana tana sa shi ya saki. Takalmin Basakkwace kuwa sau biyar yake haɗuwa da ruwan alwala a wuni, tsakanin alwala da alwala kuma yana kan ƙasa mai zafin kasko.

Bayan wannan da 'yan makonni na ci karo da wani bincike da ya hana ni barci. A watan Satumba na 2023 mujallar kimiyya ta Nature ta buga aikin Farfesa Jonathan Wilker da ɗalibansa na Jami'ar Purdue a Amurka. Mutumin ya daɗe yana nazarin yadda halittun teku masu ɓawo suke liƙewa jikin dutse cikin ruwa. Sun haɗa gam da abu uku kacal: man waken suya da aka sarrafa, da sinadarin tsamin da ke cikin tuffa, da tanin. Da suka liƙa ƙarfe da ƙarfe, a gwajin da ya fi kyau ƙarfinsa ya kai wajen megafaskal 18, wato kamar a rataya kilo 180 a kan wurin da bai fi faɗin farcen yatsa ba. Ya kamo ifoksi, gam mai ƙarfin nan na kanti da ake liƙe ƙarfe da shi, wani wurin ma ya wuce shi.

Kalmar tanin ce ta tsayar da ni. Tanin fa shi ne abin da ke cikin bagaruwa. Shi ne majemanmu suke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da shi tun kafin zuwan Turawa, fatar da fatake suka riƙa ketare Sahara da ita har Turai ta san ta da sunan fatar Maroko. Buhunan bagaruwa ga su nan jibge a kasuwa. Mai kuwa, ai mu ne gidansa. Na ce shi ke nan, kakata ta yanke saƙa.

Abin da na yi daga nan, ina jin nauyin faɗarsa, tunda ni ke koya wa 'ya'yan mutane kada su yi irinsa. Na sayo kwalbar man zurma wurin masu maganin gargajiya, na daka bagaruwa, na matse lemon tsami, na zuba duka cikin ƙaramar tukunyar miyar uwargida, na ɗora a wuta a tsakar gida bayan isha'i. Hayaƙi ya turnuƙe, maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko taya muke ƙonawa. Abin da ya fito wani baƙin kunu ne mai yauƙi. Na shafa a guntayen fata biyu, na danne da turmi. Kwana uku bai bushe ba. Sati guda bai bushe ba, sai ƙura da ƙudaje da ya tara. Tukunyar kuwa ko toka da soson ƙarfe ba su fitar da ita ba. Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai kife ta a bakin ƙofar ɗakina, inda sai na tsallake ta kullum.

Na san dalilin, zumuɗi ne ya rufe mini ido. Kowane ƙwayar mai, wato ɗan mitsitsin ɓurɓushinsa da ido ba ya gani, na gyaɗa ne ko na riɗi, siffarsa kamar cokali mai yatsu uku ce: kai ɗaya, da dogayen jela uku masu santsi. Jelar nan ba ta kama komai, shi ya sa mai yake zamewa, shi ya sa ake zuba shi inda ba a son abu ya liƙe. Gam kuwa kishiyar haka ne. Ana so ƙwayoyin su kama juna ta ko'ina su zama raga, irin tarun masunta a gulbin Rima. Zare dubu in ba ƙulli, tarin zare ne kawai. Ni tarin zare na dafa.

Wurin ƙullin yana nan a jikin jelar, inda ƙwayoyin kabon biyu suka riƙe juna da hannu biyu maimakon ɗaya. Idan aka dama man da haidirojin feroksaid da ɗan asid, a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba, sai ƙwayar iskar oksijin ta shiga wurin ta yi wani ɗan zobe mai kusurwa uku. Zoben a takure yake, kamar tarkon da aka ɗana. Da ya haɗu da sinadarin tsami ko tanin, aka ƙara masa zafi, sai ya ɓalle ya cafke. Tsamin yana da hannu fiye da ɗaya, tanin yana da hannaye barkatai, don haka wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har raga ta haɗu. Tanin ɗin kuma shi ke kama jikin ƙarfe ko katako. Wannan sarrafawar ta farko ce na tsallake, alhali ita ce aikin.

Kuma ba kowane mai ne yake da wuraren ƙulli da yawa ba. Akwai ma'aunin da ake gwadawa da aidin: man ja yana wajen 50 da 'yan kai, man gyaɗa wajen 90, man waken suya wajen 130, man linsid da Turawa suke haɗa fenti da shi yana kaiwa 180. Shi linsid saboda yawan wuraren, iska kaɗai tana sa shi ya daskare, da shi ake kwaɓa abin da ake liƙe gilashin taga, da shi kuma wani Bature ɗan Ingila, Frederick Walton, ya ƙirƙiro shimfiɗar daɓe ta linoliyam a shekarun 1860. Man kaɗe da man ja sai dai a bar su a miya da shafawa.

A nan ina da ra'ayi, kuma ba na ɓoye shi. Duk wanda ya zo mini da shirin yin gam da man gyaɗa a garin da mace take sayen mai da ludayi don ta yi miyar dare, ba na tare da shi. Akwai man da ba a ci. Dogon yaro ya cika titunan Sakkwato, 'ya'yansa suna zuba ana sharewa. Akwai bini da zugu da ake shinge da shi. Akwai ruwan ɓawon kashu, wanda muna yara muka riƙa rubuta sunayenmu da shi a dantse yana ƙona mu, masana'antu kuwa suna haɗa shi cikin birkin mota. A Habasha ma akwai wani ɗan'uwan shuwaka da Allah ya halicci mansa da zoben nan a ɗane, ba sai an sarrafa ba.

Zurma kuwa daban take, kuma ba banza na fara da ita ba. Ita ce wadda take fitowa a juji da bakin fadama ba wanda ya shuka ta. Kusan rabin nauyin ƙwayarta mai ne, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari na man wani iri ne da yake da ɗan hannu a tsakiyar jelarsa tun daga halitta. Saboda wannan hannun, in aka haɗa man zurma da sinadarin aisosayanet, ko ba wuta sai ya daskare ya zama foliyuretan, dangin robar da Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937, wadda ake katifa da ƙasan takalmi da ita. Gam ne mai kyau, mai lanƙwasa, ruwa ba ya cinsa, kuma ana sayar da irinsa a duniya yanzu haka. Indiya ce ta riƙe kasuwar zurma, musamman jihar Gujarat. To amma aisosayanet daga ɗanyen mai yake, daga waje ake kawo shi, kuma yana jawo asma ga mai shaƙarsa. Idan ka ga an rubuta a gwangwani cewa gam ɗin na tsirrai ne, tambayi kashi nawa. Sau da yawa rabi ne, ɗaya rabin yana nan inda yake. Wani abu kuma, ƙwayar zurma guba ce, tunkuzarta ba ta dabbobi ba ce, kada wani ya karanta wannan ya bar ta inda yara da awaki suke.

Ban haƙura ba. Ina da abokin karatu da yake aiki a wata masana'antar roba a Kano, inda suke zuba sarrafaffen man waken suyan nan cikin roba don ta yi laushi. Na roƙe shi, ya aiko mini da 'yar kwalba ta hannun direba, na karɓa a tasha. Ruwa ne mai kauri, fari-fari, kusan ba wari. Tsamin tuffa ban samu ba, sai na sayi garin tsamin lemo a shagon masu kayan kek, wanda masu soɓorodo suke sawa. Bagaruwa kuma wannan karon na bi ta a hankali: na cire 'ya'yan, na daka ɓawon, na jiƙa a ruwan zafi, na tace da ƙyalle sau uku, na zuba ruwan a faranti na shanya. Rana dai ba mu roƙonta wurin kowa. Kwana biyu ya zama ɓawo mai ruwan ƙasa, na kankare na niƙa.

Na narka tsamin da ɗigon ruwa, na zuba man, na barbaɗa garin bagaruwa, ina juyawa a gwangwanin madara cikin ruwan zafi har ya yi kaurin zuma. Mai walda na bakin layinmu ya yanko mini ƙarafa biyu masu faɗi, na goge su da sanfefa, na shafa, na haɗa bakinsu, na ɗaure da waya. Saura gasawa. Su mutanen Purdue sun gwada tun daga na'urar busar da gashi ta minti biyar har zuwa tanda mai zafin digiri 180 na awa 24. Ni tandar kek ta uwargida ce kawai gatana, kuma sai da na yi alkawarin sabuwar tukunya da cika tukunyar gas kafin a ba ni aro. Na ba shi awa huɗu.

Da ya huce na kwance wayar, na ja, bai motsa ba. Na sa gwiwa na ja, bai motsa ba. Na rataye shi a reshen dogon yaron ƙofar gida, na ɗaura masa jarka mai lita 25 cike da ruwa. Ta kwana tana lilo. Na sani wannan ko kusa da na Purdue bai kai ba, amma a daren nan sau uku ina fitowa da tocila.

Washegari na yi sammako sai rumfar Kawu. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi. Gam ɗin da ya tsattsafo ta gefe ya yi baƙi ƙirin, alhali ruwan ƙasa na shafa.

"Kai, wanga ai kuloko na kay yi," ya ce.

Sai da na yi shiru. Kuloko shi ne baƙin rinin dukawa, wanda suke jiƙa kashin maƙera su shafa a jemammiyar fata ta koma baƙa. Abin da ke faruwa shi ne ƙarfe ya haɗu da tanin ɗin bagaruwar da ke cikin fatar. Abin da ya faru a gefen ƙarfena ke nan daidai. Ni na karanta shi a jami'a da sunaye masu tsawo, shi kuwa ya gane shi da kallo ɗaya, don hannunsa ya shekara hamsin a ciki.

Sai ya ce in gwada a fata. Na koma gida da guntayen da ya ba ni, na shafa, na sa a tanda. Abin da na ciro ya fi kama da kilishin da aka manta a wuta: ya ƙanƙance, ya murɗe, ina lanƙwasawa ya karye. Na rage wuta, fata ta tsira, gam bai kama ba. Na bar wani a kan kwanon ɗaki kwana biyar ko ranar Sakkwato za ta yi aikin tanda. Ya yi kauri, ya yi danƙo, amma da na ja sai ya saki.

Kawu bai yi mini dariya ba, ya dai lissafa mini da yatsu. "In za ka yi muna gam, shi kama babu wuta. Shi kama kahin in sha ruwa in dawo, don ga Salla tahe, mutum ashirin na jirana. Shi lanƙwasa in ƙahwa ta lanƙwasa. Kuma kuɗinai kar shi hi na kwalba." Sharaɗi huɗu, ban cika ko ɗaya ba. Da na zauna na yi lissafin gas ɗin da na ƙona, da feroksaid ɗin da aka sarrafa man da shi a wata ƙasa, da garin tsamin da akasarinsa daga Sin ake kawowa, sai na ga a duk cikin gwangwanin madarar nan bagaruwa ce kaɗai 'yar gida. Waken suyan ma, a Barazil daji ake sarewa a shuka shi.

Amma maganar wutar ce ta buɗe mini wata ƙofa. Akwai sana'ar da dole sai da zafi ake liƙi a cikinta ko da wane gam ne: yin allunan katako na matsi, irin na silin da kabad da teburan makaranta. Ana zuba garin katako da gam a matse su tsakanin faranta masu zafi. Gam ɗin da aka fi amfani da shi a nan yana da fomaldihaid, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar ga ɗan'adam a 2004, kuma shi ne yajin nan da ke shiga ido in an buɗe sabon kabad a ɗakin amarya. A Afirka ta Kudu an yi shekaru da dama ana yin irin waɗannan alluna da tanin ɗin ɓawon wata bishiya 'yar'uwar bagaruwa. Mu kuwa ba mu da katako, daga kudu ake hawo mana da shi da tsada, amma muna da ƙaiƙayin shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan casa daga nan har Kabi, ana cinna masa wuta yana kwana yana hayaƙi. Muna da karan dawa da na gero. Gam ɗina ba na takalmi ba ne, wurin da ya dace da shi ne ban sani ba.

Shi kuwa Kawu, abin da ya fi kusa da buƙatarsa ba mai ba ne ma, ruwan bishiyar roba ne irin wadda ake nomawa a Edo da Delta, wanda ake yin gam mai ruwa da shi, ba toluwin ba hekzen. Yana riƙe fata da fata kafin ɗinki, ko da yake bai kai na gwangwani ƙarfi a ƙasan takalmi ba. Na yi masa alkawarin nemowa. Kafin nan na matsa masa har ya yarda yaron ya riƙa fitowa da aikin shafa gam waje ƙarƙashin bishiya, da tsinke maimakon yatsa. Ya ce ƙura za ta ɓata masa aiki, na ce ƙurar ta fi sauƙi. Muna nan muna ja, ran da na je yaron yana waje, ran da ban je ba Allah ne masani.

Takalmina ya ɗinke shi da zare mai kakin zuma, zagaye biyu, bai karɓi ko sisi ba. Ƙarfen kuma ya ƙi ba ni. Ya rataye shi a bakin rumfa ya saƙala masa rediyonsa, duk wanda ya zo sai ya nuna masa ya ce ɗan ƙanwarsa ne ya liƙe shi da bagaruwa, a ja a gani. Wani mahauci ya ja da gaske ranar Laraba, sai wayar rataya ce ta tsinke.

Yanzu akwai buhun ƙaiƙayin shinkafa a zaurena, da rabin kwalbar man nan na Kano. Mai walda ya ce zai haɗa mini faranta biyu na ƙarfe da wurin zuba gawayi sama da ƙasa, in na samo jak ɗin mota. Uwargida ta ce ta ji ta gani, amma tandarta ta gama aikin gwamnati.